Wa Ya Taɓa Allon Kawu Lado?

Ku da kuka zauna da Kawu Lado kun sani, ba ya shiga wuri ya zauna kai tsaye kamar sauran bayin Allah. Zai yi sallama, ya toge a bakin ƙofa, ya bi ɗakin da kallo tun daga buta har gefen tabarma, sannan ya ce, "Wa ya taɓa?" Abin da aka taɓa ɗin ba zai faɗa ba. Kai mai laifi ka san kanka. Ko butarsa ka kawar da faɗin yatsa biyu don ka yi shara, wallahi sai ya gane, kuma sai ya maido ta daidai kan zoben danshin da ta bari a ƙasa kafin ya amsa gaisuwa. Muna yara har wasa muke da abin. Mu juya takalminsa ɗaya ya kalli gabas, mu laɓe bayan rumbu muna jira. Bai taɓa ba mu kunya ba.

Ni ce Lanti, ɗiyar ƙanwarsa, mai koyarwa a firamare nan Ƙanƙara. A zauren gidana ya yi shekarunsa biyu na ƙarshe. An ce in rubuta wani abu a kansa don mutanenmu da suka warwatsu, na Faskari da na Sabuwa da waɗanda suka yi nisa. Na ce to. Amma ku yi mini haƙuri tun yanzu, in na ɗauko zancen Kawu dariyata ba ta yin nisa.

Don yaran da aka haifa a gudun hijira, bari in faɗi aikinsa. A ƙauyenmu, Unguwar Ɗorawa can bayan Tafoki, Kawu ne mai iyaka. Gadon gidansu ne. A sama, gamba ce ke raba gona da gona, ita kuwa gamba in ta samu mai wayon fartanya tana tafiya da ƙafarta, bana taki ɗaya, baɗi taki ɗaya. Saboda haka tun kakanni ake binne 'yar tukunya cike da gawayi a kusurwar kowace gona, can ƙasa inda garma ba ta kaiwa. Ba wanda ya san inda tukwanen suke sai mai iyaka. In rigima ta tashi sai a kira shi, ya tsaya gindin wata bishiya ko jikin wani dutse, ya ƙirga taku, ya ce a tona nan. A tona, tukunya ta fito, baki ya mutu.

To wata shekara Kawu yana ɗan aune-aunensa, ba wanda ya sa shi, sai ya gano gambarsa shi kansa ta shiga gonar maƙwabcinsa Baba Ɗanlami da taku ɗaya da rabi. Da wani ne, sai ya maida abinsa a ɓoye. Ina! Kawu ya aika aka kira mai unguwa, aka kira liman, aka tara dattawa a tsakar rana. Ya tsaya a gabansu ya soma yi wa kansa faɗa.

"Lado, ba ka ji kunya ba? Kai da ake kira ka raba mutane? Da hurhurarka?"

Baba Ɗanlami ya ce, "Malam, ni fa ban kai ƙarar kowa ba."

"Ka yi shiru, ba a zo kanka ba."

Ya yanke wa kansa hukuncin damin gero biyu. Baba Ɗanlami ya rantse ba zai karɓa ba, Kawu ya rantse ba za su koma rumbunsa ba. Damman nan suka yi kwana huɗu a kan iyaka, kowa na wucewa yana kau da kai, har awakin unguwa suka gama da su tas. Da aka gaya wa Kawu sai ya shafa gemu ya ce, "Alhamdu lillahi. Hakki ya hita daga wuyana, ya koma wuyan awaki."

Irin mutumin ke nan. Duk abin da ya gada na tukwane, da wanda ya binne da hannunsa, yana rubuce da ajami a cikin wasu tsofaffin littattafai uku da ya adana a akwatin ƙarfe. Ranar da mutanen daji suka shigo mana, ba sai na ba ku labari ba, kowa na da nasa. Kawu ya fito da riga ɗaya da carbi. Ɗakinsa na cikin waɗanda aka cinna wa wuta. Bayan sati biyu wani ya leƙa ya dawo ya ce akwatin na nan, amma da ya buɗe toka ce kawai a ciki.

Da aka kawo shi wurina daga gudun hijira a Faskari, wata biyu bai tambayi wa ya taɓa komai ba. A nan na tsorata. Sai ka ɗauke butarsa gaba ɗaya, ya bi ka da ido kurum. Hannunsa kuma ya soma rawa, ko kofi sai da biyu yake riƙewa. Na kawo masa littafi da biro, na ce Kawu ka sake rubutawa tunda suna kanka. Ya gwada, biro ya yi ta tsalle. Ya ture ya ce, "Takarda ta ci amanata sau ɗaya. Ba ta ƙarawa."

Na ce to ka faɗa mini in rubuta, ko in ɗauki muryarka a waya.

"Ke, 'yar boko! Abin da aka hwaɗa da baki da hantsi, kahin la'asar shina kasuwa. In kowa ya san inda tukunya take, mi ya hana wani ya tone ta ya matsar? Ubana bai gaya mini ba sai da ya ga na yi gemu."

Ɗansa Hadi, wanda ke tuƙin babbar mota, shi ya kawo maganin abin. Ya dawo daga wata tafiya da tabulet, irin babbar wayar nan mai faɗin faranti. Ya saita masa kibod, wato wurin baƙaƙen da ke fitowa a ƙasan gilashi, ya maida shi na Larabci, manya-manya, yadda yatsa ɗaya ko yana rawa zai same su. Kawu ya daɗe yana kallo. Ya kai yatsa ya taɓa alif, alif ya fito a sama. Ya taɓa ba, ba ya fito. Ya ce, "Ashe allo ne. Mi ya sa ba ku ce allo ne ba tun farko?" Tun daga ranar sunansa allo, kuma wanda ya kira shi da wani suna ba a amsa masa.

Jama'a, allon nan ya ga gata! Gafakar fata aka ɗinka masa. Ba a kunna shi sai da bisimilla, ba a taɓa shi sai an wanke hannu. Ledar da ya zo da ita a kan gilashi har ta yi baƙi ta nannaɗe a gefe, amma ka ce a cire ka ji. "Da rigarsa ya zo. Kai in an tuɓe ka a bainar jama'a daɗi za ka ji?" Ga tsimin wuta. Kawu zai rubuta layi ɗaya, ya kashe allon ɗungurungum, ya rufe ido ya yi tunanin layi na gaba, sannan ya sake kunnawa ya zauna jiran ya farka. Na ce Kawu, kashewa da kunnawar nan ta fi cin caji. Ya ce, "Hitila in ba a karatu kashe ta ake." Ranar kai shi caji kuwa da kansa yake zuwa shagon, ya shimfiɗa buzunsa gab da janareta, hayaƙi na dukan fuskarsa awa biyu. Mai shagon ya ce, "Baba, ka je gida, ba abin da zai same shi." Kawu ya ce, "Haka aka ce mini game da akwati."

A haka ya bi gonakin ƙauyenmu ɗaya bayan ɗaya, daga gabas ya nufi yamma, yadda mutum zai bi su da ƙafa. Gona hamsin da takwas ne. Wata sai ta ɗauke shi sati, don sai ya rufe ido ya taka ta a zuci, in ya yi kokwanto ya koma farko. Ni abin da ke damuna gona ta ƙarshe ce, can yamma wajen kanya, tsakanin gidan Tanko da gidan Buba. Tanko da Buba wa da ƙane ne, duk sun rasu, 'ya'yansu kuwa tun muna gida ake jan su a kan iyakar nan. Sau biyu Kawu na hana a zubar da jini da baki kawai, bai kai ga tona tukunyar ba. Na ce, "Kawu, don Allah ka fara rubuta ta su Tanko, ita ce mai wuta."

"Ba a tsallake gona."

"Rubutu ne fa, ba tafiya ba."

"Ke kika san ba tahiya ba ce. Ni ƙahwata har ciwo take."

Ƙafar kuwa da gaske ciwo take. Ta kumbura, numfashinsa ya soma yin sama-sama. Likita ya ce zuciya ce ta gaji. Kawu ya ce, "Ta gaji? Noma ta yi?" Amma ya ƙara sauri, ya bar kashe allon tsakanin layi da layi, abin da ya nuna mini shi ma ya ji a jikinsa. Saura gona bakwai aka maido mana da sabis.

Kun tuna watannin da aka yi ba waya a yankinmu, ba kira ba saƙo. Ranar da sabis ya dawo gari ya ruɗe, kowa ya ɗaga waya sama yana ihu. Ni kuma shaiɗan ya kawo mini shawara mai kama da alheri. Na ce rubutun nan wuri ɗaya yake, in allon ya faɗi ko aka sace fa? Bari in haɗa shi da datar wayata in tura wa Hadi ya adana. Na san Kawu ba zai yarda ba, don haka na jira ya lallaba masallaci sallar azahar. Dawowata daga makaranta ke nan, ko hannu ban wanke ba. Ina haɗawa sai wani saƙo ya tsaya a tsakiyar gilashi, wai akwai afdet, wato sabuntawa, a danna nan. Na ga ya tare mini hanya. Na danna.

Allon ya ɗauke. Wani ɗan zare ya fito yana tafiya a hankali, ni kuma ina leƙen ƙofa ina salati. Da kyar ya gama kafin a sallame. Ko turawar ban yi ba, na cusa shi a gafaka na gudu madafa.

Ina tankaɗe na ji muryarsa, ba da ƙarfi ba. "Wa ya taɓa?"

Na fito ina goge hannu. Allon na kan cinyarsa. Rubutunsa duk yana nan, alhamdu lillahi. Amma kibod ɗin nan mai faɗi ya tsuke ya koma kamar kwalin ashana, ya maƙale a kusurwa, in ka taɓa shi ya zame ya koma wani gefen. Baƙaƙen Larabci kuwa babu ko ɗaya, sai na boko ƙanana kamar ƙwayar gero. Kawu bai san boko ba, bai kuma taɓa sha'awar sani ba.

Na buɗe baki na ce, "Shi ya yi da kansa, Kawu. Haka suke yi in sabis ya dawo."

Ya dube ni, ya dubi allon. Ya ce, "To." Wannan "to" ɗin har yau yana tsaye a ƙirjina.

Na kashe na kunna. Na sake kashewa na kunna. Kawu ya ce, "Wanga ai ni ma ina yi wa rediyo, ba a ce mini malama ba." Na kira Hadi, wayarsa ba ta shiga, yana can kudu cikin daji da kaya. Na shiga saiti na yi ta lalube, komai an sauya masa wuri, kamar ka dawo gida ka tarar an juya maka ɗaki. Kwana biyu ina wannan. Shi kuma kullum da hantsi zai wanke hannu, ya yi bisimilla, ya kunna, ya kalli ɗan kwalin ashanar nan, ya kashe.

Rana ta uku na ɗauki mai mashin, muka tallabe shi muka je wurin wani mai gyaran waya a kasuwa, don ya ce allon ba ya zuwa ko'ina ba shi. Mai gyaran ya jujjuya, ya ƙwanƙwasa bayansa da farce, ya ce, "Hajiya, wannan sai filashin."

Kawu ya ce, "Mi ne hilashin?"

"Wanke shi za a yi, Baba. A goge komai, ya dawo sabo fil."

Ban san tsoho mai kumburin ƙafa na da wannan zafin nama ba. Kafin in ƙifta ido allon na cikin gafaka, gafakar na cikin riga. "Sabo? Wa ya ce maka sabo nike so? An yi mini hilashin sau ɗaya, yaro, da ashana aka yi shi. Lanti, mu tahi." Mutanen rumfar suka yi dariya, sannan suka yi tsit, don rabinsu su ma an yi musu irin wannan.

Sai na tuna da Malama Talatu, 'yar Damari, wadda muka yi kwas tare, tana koyarwa a Sabuwa. Ita ce mai kan na'ura a cikinmu. Amma sabis ɗin da aka maido, sabis ne na jeka-na-yi-ka. Sai ta ce, "Kin ga inda aka rubuta..." ɗif, ya ɗauke. In sake kira, "To ki danna..." ɗif. Kwana biyu muna haka, ina tsaye kan turmi a tsakar gida da waya a sama, Kawu na zaure yana cewa, "Ki hau katanga mana, ko Sabuwar za ki hango." Rana ta biyar maganarta ta fito cikakkiya. Ta ce in ɗora yatsa biyu a kan ɗan ƙaramin kibod ɗin in ware su, kamar mai buɗe bakin jaka. Na ware. Sai ga shi ya baje ya cika ƙasan gilashin kamar da. Na yi guɗa, wallahi, ni kaɗai a tsakar gida.

Kawu ya leƙa ya ce, "Ya yi ƙiba. Amma har yanzu Nasara ne."

Gaskiyarsa. Talatu ta ce Larabcin sai an shiga saiti, wajen harsuna, a ƙara shi, sannan a bari ya sauko ta data. Na samu wurin, na danna. Wani ɗan zobe ya soma juyawa. Ya juya ranar nan, ya juya washegari, ya juya jibi. Da ya kai rabi sai sabis ya yanke ya koma farko. Ina zaune ina kallon zoben nan ina jin numfashin Kawu daga zaure, kowace rana ya fi na jiya nauyi. Abinci ya koma cokali uku. Na durƙusa na roƙe shi ya faɗa mini bakwai ɗin nan da baki, na ce zan rantse da Alƙur'ani ba mai ji. Ya ce, "Ɗiyata, ba ke nike tsoro ba. Ranar da aka ɗora miki wuƙa, ko aka ɗora wa ɗanki, za ki hwaɗa, kuma ba ki yi laihi ba. Ban ɗora miki wanga kaya."

Rana ta tara na ce zan kai allon Malumfashi, inda aka ce sabis na da ƙarfi. Ya so ya bi ni, ya yunƙura, ƙafa ta ƙi. Ya daɗe rungume da gafakar, sannan ya miƙo da sharuɗɗa. Ba a sa shi a but ɗin mota. Ba a ɗora masa kaza. In an tsaya shingen bincike in ce littafin addu'a ne. In mota ta lalace in sauka da shi in tsaya nesa, kada ta kama da wuta. Na ce to, to, to.

A bakin tasha na tsaya, ban ko nemi wurin zama ba. Na haɗa, na danna. Minti biyu, jama'a. Ko biyun bai cika ba. Baƙaƙen suka fito reras, alif, ba, ta, kamar ba su taɓa zuwa ko'ina ba. Na tsaya cikin mutane ina kuka, wata mai ƙosai tana tambayata ko rasuwa aka yi mini.

Da na dawo ya karɓa, ya wanke hannu a kwano, ya yi bisimilla. Ya taɓa baƙi uku sai ya ɗago. "Wanga allo ya yi karatu a Malumfashi. Ina rubuta Hausa shina maida mini Larabci." Ashe sabon kibod ɗin gyara yake yi wa mutum, ya cire kalmarka ya sa tasa. Na koma saiti na kashe masa wannan karambanin. Sannan na zauna a gefen tabarma na ce, "Kawu, ni na taɓa."

Bai ko ɗago ba. "Na sani."

"Ka sani?"

"Allin makaranta na gani a kan leda, shatar yatsa ɗaya, tsakiyar gilashi. Duk gidan nan wa ke cin abinci da alli? Jira nike in ga kwana nawa ƙarya ke yi a bakin malama."

"Tara," na ce, ina share hanci.

"Ba ki iya ba. Uwarki, Allah ya jiƙanta, ta ɓalle mini wuƙar aski tana yarinya, sai da ta yi aure ta hwaɗa."

Na yi dariya da hawaye. Na ce ya yafe mini. Ya ce, "Na yahe tun ranar. Tashi ki ba ni wuri, ina da tahiya."

Ya yi tafiyar kuwa. An ɗan sauya wa wasu baƙaƙen mazauni, yatsansa ya riƙa zuwa inda ya saba ya tarar da wani, ya yi tsaki ya goge. Duk da haka ranar ya gama gona biyu, washegari uku, jingine da filo, ina riƙe masa allon don hannunsa ya daina ɗauka. Ina kau da kai, don ya ce in na kalla zai sa a ɗaure mini ido. Rana ta uku da safe ya ce, "Saura ɗaya."

Na ƙirga a yatsa na ce, "Biyu dai, Kawu. Taka ce ke biye, sannan ta su Tanko."

"Na tsallake tawa."

"Kai da ka ce ba a tsallake gona? Hadi fa? Ina zai san iyakarsa?"

"Wai ke lissahi kike koyarwa? An rubuta na gabas, an rubuta na yamma, kudu da arewa duk an rubuta. Abin da ya rage a tsakiya na wa ne, na aljanu?"

Ita ce tsallakewa ta farko da ta ƙarshe da na san ya yi a rayuwarsa, kuma a nan na gane ya san abin da ya rage masa. Da hantsi ya kasa, ya ce kansa na juyawa. Bayan azahar ya yi barci. Da aka yi la'asar ya yi sallarsa a kishingiɗe, ya ce in kawo allo. Na ɗora masa a kan filo bisa cinya, na ga yatsan na tafiya a hankali, sai na ce bari in ɗumama masa kunu ko zai sha. Ban daɗe ba. Wallahi ban daɗe ba.

Na dawo na same shi kansa ya ɗan karkata, yatsan na kan leda. Allon bai ko ɗauke haske ba. Ban yi niyyar karantawa ba, idona ne ya faɗa kai, kuma ɗan karatun allon da na yi ya isa in haɗa baƙaƙen. Ya rubuta: "Tsakanin Tanko da Buba tukunya na nan. Daga gindin kanya sai ka"

Iyakar abin da ke wurin ke nan.

Bara da aka ɗan samu sauƙi, wasunku sun koma noma. Kun ga abin da ya faru da idonku. Gamba duk ta ƙone ko ta bazu, gonaki sun haɗe sun zama fili ɗaya. Aka buɗe allon a gaban mai unguwa kamar yadda ya yi wasiyya, liman na karantawa ana taku ana tonawa. Tukunya bayan tukunya suka yi ta fitowa, ba wadda ta kuskure da taki ɗaya. Hadi ya samu gonarsa a tsakiya, yadda uban ya ce. Da aka zo kanya liman ya karanta rabin layin nan, rubutu ya ƙare. Aka tona gabas da ita, aka tona yamma, aka yi kwana uku ana haƙa ramuka. Ba a samu komai ba.

Yau gidan Tanko da gidan Buba ba sa gaisawa. Filin da ke tsakaninsu ba mai shuka shi, kowa ya ce in ɗayan ya sa fartanya sai dai a ɗauki gawa. Da tsohuwar gidan Tanko ta rasu watan jiya, ko mutum ɗaya daga gidan Buba bai je gaisuwa ba, ita kuwa ita ta yi goyon rabinsu. Hadi yakan ce mini, "Yaya Lanti, ajali ne, ko ba ki taɓa ba haka Allah ya rubuta." Na sani, ni ma musulma ce. Amma kalma biyar ko shida suka rage wa bawan Allah nan, ni kuwa kwana tara na ci masa. Ku 'ya'yan Tanko da na Buba, in wannan takarda ta iso gare ku, ku sani da sunan iyayenku a ƙarƙashin yatsansa ya cika. In kuna neman wanda za ku riƙe a zuci, ga ni nan a Ƙanƙara. Ku bar juna haka nan.

Allah ya jiƙan Kawu Lado. Allah ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa makwanci, ya karɓi wahalar da ya sha don kada 'yan'uwa su yi faɗa. Allah ya sanyaya zukatan gidajen nan biyu, ya maida kowa gidansa lafiya. Ni kuma da na yi gaggawa, Allah ya yafe mini. Amin.